Hel Ɗin da Na Baro a Kan Dutse

Na fi shekara talatin ina sayar da hel a Balad kafin in ga itacensa da idona. Hel shi ne 'yar ƙwayar nan koriya mai ƙamshi da ake dakawa a zuba a gahawa, wadda in babu ita Balarabe zai ce ruwan zafi ka ba shi. A shagon da nake aiki, cikin Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, aikina sunsuna kaya. Buhu ya iso, ni zan zura hannu har gwiwa in ɗebo na ƙasa, in fasa ƙwaya da haƙori, in ce a karɓa ko a mayar. Ba yabon kai ba, a layinmu kaf babu wanda ya kama ƙafata. Masu shagunan kusa sukan aiko mini da nasu a ɓoye, a naɗe cikin takarda.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Karantina, haka ma mahaifina. Kakana ne ya zo hajji bai koma ba. Sai dai takarda ba ruwanta da wannan tarihi. Fasfon Nijar nake riƙe da shi, ƙasar da ban taɓa takawa ba, zamana kuwa a kan iƙama yake, takardar izinin zama da ake sabuntawa. Mai shagonmu ne kafilina, da sa hannunsa nake zaune a garin da aka yanke mini cibiya. Tun ina saurayi nake wurinsa. Ya tsufa, ƙafa ta ƙi, 'ya'yansa biyu suka karɓi shago. Yaran nan ba su san bambancin hel da ƙwallon dabino ba, amma suna da waya. A waya suke odar kaya, da lamba da girman ƙwaya, har suka fara tambayar ubansu, a gabana, amfanin mutumin da ake ba albashi don ya yi sunsune.

Wata la'asar tsohon ya jira suka fita, ya kira ni.

"Ya waladi, ɗana, yaran nan sun dame ni a kanka. Iƙamarka saura wata huɗu, sun ce ba za su sabunta ba. Zan tura ka can inda ake noman abin. Ka kawo mini hel ɗin da wayarsu ba ta iya kawowa, in samu abin rufe musu baki. In ba haka ba wallahi ba ni da ta cewa."

"Abshir, ya ammi," na ce, wato an gama, baffa. "In dai akwai shi a duniya zan kawo."

Da ƙarfina na faɗa, amma na san halin da nake ciki. An rushe Karantina, ni da matata muna haya a ɗaki biyu, ga furfura ta cika kai. Wa zai karɓi kafalar mai furfura? In aka saki iƙamata, jirgi za a sa ni zuwa inda ake kira ƙasata, in sauka ina tambayar hanya.

Can ɗin da tsohon ke nufi shi ne Gwatemala, a Amurka ta Tsakiya. Jirgi uku na hau. A babban birnin wani Bafalasɗine ya tarbe ni, dillalin hel da ya daɗe a ƙasar har ya auri 'yarsu, shi ne direbana kuma shi ne tafintana. Yini guda muka yi muna hawan duwatsu a mota kafin ya taka burki ya ce mun iso. Na duba dama, na duba hagu, na tambaye shi ina garin. Ya ce a tsakiyarsa muke.

Titi ɗaya ne mai kwalta, shi ma ruwa ya cinye rabinsa. Ga coci mai ɓararren fenti, ga fili a gabansa da benci huɗu, karnuka a kwance a kai kamar su suka gina. Alade na yawonsa a kasuwa babu mai ce masa ci kanka. Ruwan sama kuwa ba shi da kunya, kullum bayan azahar sai ya sauko, kuma azahar ɗin ma a agogo nake gane ta, don mako guda cur ban ji kiran salla ba. Abin da ya tashe ni asubar farko ƙarar fashe-fashe ce, sai da na sauko daga gado ina salati. Bafalasɗinen ya ce ba komai, wani ne ke murnar ranar haihuwarsa.

Na zo da fararen jallabiyoyi uku a goge, don a san daga ina na fito. Kafin la'asar laka ta kai mini gwiwa. Mutane su tsaya su kalle ni, baƙi dogo cikin farar riga, wata mata har da russunawa, ta zaci sabon limamin cocinsu ne. Abinci kuma gurasar masara da baƙin wake da safe, gurasar masara da baƙin wake da rana, da yamma a sauya maka kwano. Nama ban taɓa ba, tunda ban san wa ya yanka ba. Ƙwai da ayaba ne suka riƙe ni.

Duk wannan zan iya yafewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hel. Ga shi ko'ina, dogayen ganyaye a inuwar manyan itatuwa, 'ya'yan suna jan ƙasa a gindi, mata na tsinka a durƙushe. Amma babu mutum ɗaya a garin da ke sha. Na shiga wani kanti na ce a sa mini hel a gahawa, mai kantin ya yi dariya har da riƙe ciki. A zatonsa magani Larabawa ke yi da shi, ko turare. Abin da mu muke kulle shi a akwati saboda baƙo mai daraja, su nomawa kawai suke yi su loda a mota, kamar wanda ke kiwon shanu bai taɓa ɗanɗana nono ba. Gahawarsu ruwan wanke tukunya ce da sukari. Na rena garin nan iyakar renawa, kuma ban ɓoye ba.

Kwana huɗu muna zagaya wuraren busarwa. A nan ake lalata hel. Ana so ya bushe a hankali da iska mai ɗumi, su kuwa sai su hura wuta da ɗanyen icce don sauri, hayaƙi ya shige ƙwaya. Duk inda muka je sai a kawo mini na sama-sama mai kyan launi, in ture shi in zura hannu ƙasa, in fasa, in tofar. Hayaƙi, ko ɗanshi, ko ƙwaya babba ciki fanko. Raina ya fara ɓaci, tsoro kuma ya fara kama ni.

Ranar ta biyar Bafalasɗinen ya ce saura wuri ɗaya. Wata tsohuwa ce da mijinta ya mutu, a can saman dutse, ita ke noman nata ita ke busarwa, kuma ba kowa take sayar wa ba. Sai ka zauna a gidanta ta gan ka tukuna. Na ce to, ashe har da sarauniya a garin laka.

Mota ba ta kai wa can. Da ƙafa muka hau, ina zamewa ina tsine wa santsi. Tun kafin mu ga gidan hancina ya tsayar da ni. Gidan katako ne da rufin kwano, kaji a ƙofa, ita kanta 'yar guntuwa ce, kanta bai kai kafaɗata ba. Ta buɗe mini buhu ɗaya. Na zura hannu har ƙasa, na ɗebo, na fasa. Ƙwayoyin ciki baƙaƙe wuluk, suna manne da juna don mai, sanyin ƙamshin ya bi ta hanci ya fito mini ta ido. Babu hayaƙi ko kaɗan. Na buɗe na biyu da na uku, duk haka. Tunda nake ban taɓa sa irinsa a baki ba. Na san iƙamata ce a cikin buhunan nan. Na ɗaure fuska yadda ɗan kasuwa ke yi, na jefa 'yan ƙwayoyi biyar a aljihu, muka zauna a teburinta.

Sai ta ɗauko gahawa.

Dole in yi bayani ga wanda bai tashi a ƙasar Larabawa ba. A wurinmu gahawa magana ce. Da hagu ake riƙe buta, da dama ake miƙa finjali, ɗan ƙaramin kofin gahawa, kuma ɗan kaɗan ake zubawa, abin da bai kai rabi ba, don baƙo ya sha a ƙara masa, ya sha a ƙara masa, zama ya yi tsawo. In aka cika maka finjali har baki, an ce maka shanye ka tashi. Ni an taɓa yi mini. Ina da ƙuruciya aka kama ƙanena ba takarda, na je majalisar wani babban mai sayen kayanmu neman ya sa baki. A gaban mutane ya yi wa mai zuba gahawa alama da ido, aka cika mini nawa taf. Kowa ya gani. Na shanye, ya ƙona mini harshe, na fita. Ƙanen nawa aka sa shi a jirgi.

Tsohuwar nan ta riƙe buta da dama, ta cika wani ƙaton kofin ƙarfe har yana zuba a gefe, ta miƙo mini da hannun hagu tana murmushi.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ya shaikh, zauna!" Bafalasɗinen ya kamo rigata. "Wallahi nan ba haka ba ne. Baƙon da ake so shi ake cika wa. Ba ta san komai na Larabawa ba."

"Na ji. Yalla, mu tafi."

"Ya akhi, kurɓa ɗaya kawai."

"Halas, na ce."

Tsohuwar ta yi wata magana da yarensu, tana duban kofin tana dubana. Bafalasɗinen ya ce tambaya take ko sukari ne bai ji ba. Na sa takalmina na fita.

Gaskiya ita ce tun ban kai rabin gangara ba na san mutumin nan daidai ya faɗa. Ina tsohuwar kan dutse ta san finjali? Amma ƙafar da ta fita da fushi tana da nauyin komawa. Washegari na tura Bafalasɗinen shi kaɗai, na ce ya saye duka, ko nawa ta ce. Ya dawo jiƙe da ruwa, hannu Rabbana. Ta ce wanda ya bar gahawarta ta huce a kan tebur ba zai ɗauki buhunta ba. Na yi tsaki. Wai ita ma tana da al'ada, matar da ba ta san abin da take nomawa ba.

"Ka hau da kanka," in ji shi. "Ka zauna ka shanye, ka ce ka gode. Na san ta, za ta sauko."

Kwana biyu suka rage mini a garin. Na yi su a zaune a bakin ƙofar masauki ina kallon karnukan kan benci, ina gaya wa kaina ruwa ya yi yawa, hanya ta yi santsi, gwiwata na ciwo. Shekara talatin ina sunkuya wa masu shago da 'ya'yan masu shago, ina cewa na'am ga wanda na girma, amma na kasa sunkuya wa tsohuwa ɗaya da ba ta yi mini laifin komai ba. A ganina ita ce mutum ta farko da na samu wadda na fi. A hanyar komawa muka tsaya a babban sito a birni, na zaɓi mafi kyan abin da suke da shi.

Ranar da kayan suka iso Balad aka kawo tsohon a kujerarsa, 'ya'yan biyu na tsaye a bayansa. Ya fasa ƙwaya, ya rufe ido, ya daɗe yana taunawa.

"Mai kyau ne," ya ce. "Irin wanda yaran ke kawowa."

Babban ɗan ya duba wayarsa ya fita, ƙaramin ya bi shi. Tsohon ya jawo ni kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Ya waladi, duk ƙasar nan ba ka ga wanda ya fi wannan ba? Ko ɗan kaɗan da zan nuna musu?"

Ƙwayoyin nan biyar suna aljihuna a naɗe cikin hankici, ina jin ƙamshinsu daga inda nake tsaye. Da na fito da ɗaya, da ya tambaye ni ina sauran, da kuma sai na faɗi dalili.

"Babu, ya ammi," na ce. "Garin ba komai sai laka."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mini albarka, na sha wahala. Ya yarda da ni, don ban taɓa yi masa ƙarya a kan hel ba. Bayan mako biyu babban ɗan ya ce in fara neman wanda zai karɓi kafalata.