Rogon Malam Nata'ala

Duk Gwale an san Malam Nata'ala baduku da tsantseni. Mutum ne da ko kare ya gifta kusa da shi sai ya sake riga. Da takalmin roba ya kashe kasuwar fata, sai ya sayar da kasonsa na gidan gado, ya sayi gona can bakin dajin Falgore, ya dasa rogo da dankali. Ita ke nan gare shi, babu wata.

Tun rogo bai yi ƙwari ba, maƙwabcin gonarsa Mamman ya ja masa kunne cewa dajin nan cike yake da gadu, wato aladen daji. Al'adar wurin, manoma kan bar maharban Maguzawa su shiga gonaki su kashe su, naman ne ladansu. Har babban maharban, Nomau, ya tako da kansa ya nemi izini.

Nata'ala ya yi tsalle ya dire. Jinin alade a ƙasar da zai ci abincinta? Har abada. Kuma shi a saninsa, tun yana yaro a cikin badala, alade ƙazanta yake ci. Gonarsa ko juji babu, me zai kawo shi? Ya sallami Nomau ko ruwa bai ba shi ba, ya koma birni yana jiran lokacin tono.

Kaico, ɗan birni. Ina ruwan gadu da juji? Saiwa yake bi, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya yi ta tono da hanci. Gonakin maƙwabta maharba na kai-komo, ta Malam ce kaɗai zaman lafiya, sai garken ya tare a can.

Ran da ya zo da buhunansa, ya tarar da ƙasa kamar an yi mata huɗa, itacen rogo duk a kwance. Ko na kai wa matarsa Bahijja ta dafa bai samu ba. Ya zauna a kan buhunan, baƙin ciki ya hana shi ko kuka.

Nan Nomau ya same shi, ya rusuna ya jajanta masa.

"Sai haƙuri, Malam. Da suka ƙoshi suka fito, muka tare su a bakin iyaka. Tunda nake harbi ban taɓa ganin kitse irin na bana ba."

Yau Nata'ala haya yake biya a gidan da mahaifinsa ya gina, yana facin takalman roba a Ƙofar Nassarawa. In mai tallan dafaffen rogo ta zo wucewa, kau da kai yake yi.