Ƙwayar Boris a Bakin Zanena

Ni dai tun ina ƙarama ba a san ni da zama wuri ɗaya ba, amma ran nan sai da Iya, kakarmu ta wajen uba, ta tambaye ni ko ƙaiƙayi aka zuba mini a tabarma.

A Unguwar Shanu muke, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, direbobi ba su gama sabawa ba. Baba yana sarin yadi a Babbar Kasuwa, ya ɗaure a bayan kekensa ya kai Rigachikun. Kwana biyu wuyan keken yana ƙwas-ƙwas, in ya kama birki sai kan ya yi gaba ya yi baya. Bayan la'asar ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya zare kan keken, ya kwance notin wuya da sifana. Tsofaffin ƙwayoyin boris, 'yan ƙarafan da kan keke ke juyawa a kansu, suka zubo, duk sun cinye. Ya wanke mazauninsu na sama da na ƙasa da kananzir, ya juye sababbin da ya sayo a murfin kwano. Ƙanana ne kamar dawa, sai sheƙi suke. Yana juyawa neman giris na ɗauke guda, na ƙulle a bakin zanena.

Kafin magariba ya haɗa kekensa, ya ce da asuba zai kama hanya.  Da na rufe ido sai in ga Baba a titin Zariya, babbar mota a bayansa, kan keke ya ƙi juyuwa saboda abin da ke ƙulle a zanena.

Da aka ci tuwo muka kewaye Iya a bakin murhu, ni da ƙannena. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Cewa take, “Ga wata nan ta taso, wa zai tare ta?” mu ce, “Mu ne!” Ran nan ban amsa ba. Na tashi shan ruwa, na dawo, na leƙa keken a zaure, na sake dawowa.

Ta ba mu labarin wani masunci da ya yi wa jirginsa faci da ƙusoshin tagulla. 'Yarsa ta ga suna ƙyalli, ta zare ɗaya don wasan 'yar tsana. Gari ya waye kogi ya kawo, uban ya tura jirgi ya shiga. “Yana kaiwa tsakiya,” in ji Iya, ta rage murya, “sai ruwa ya fara tsattsafowa ta gurbin ƙusar nan, kaɗan-kaɗan, shi kuwa bawan Allah bai sani ba.” Daga nan ta koma tona garwashi da tsinke.

“Sai me, Iya?” in ji ƙanena.

“Sauran ba a bakina yake ba,” ta ce. “Ku tambayi mai damƙe da bakin zane tun la'asar.”

Ban san lokacin da na isa ƙofar ɗakin Baba ba. Ina kuka na kwance ƙullin na miƙa masa. “Baba, don Allah kada ka hau keken nan gobe. Ni na cire masa ɗaya.”

Na zaci duka. Ya dubi ƙwayar a tafinsa, ya dube ni, ya ce, “Talatu, ɗauko fitila.”

Aikin da ya gama tun ɗazu, shi ya sake kwancewa a gabana. Ya nuna mini ƙwayoyin jere cikin giris, da ɗan fili a tsakaninsu. Na ce, “Ga gurbinta nan!” Ya cusa ta, ya mayar da noti, ya ce in juya. Wuyan ya cije, yana gurzawa. Ya sake buɗewa ya cire ta, ya ɗaure notin a hankali, yana gwadawa har ƙwas-ƙwas ta ɗauke. Na taɓa kan keken da yatsa ɗaya, ya juya sumul.

“Ba a cika mazaunin taf,” ya ce. “Sai an bar gurbin guda suke samun wurin motsi. Wannan ragowa ce, riƙe abinki. Amma gobe in kina so, ki tambaya.”

Iya ta ɗaga murya daga bakin murhu: “To, jirgi ya kai gaɓa. Kowa ya nemi makwanci.”

Shekaru da yawa na ɗauka darasin bai wuce kada a taɓa abin da ba a ba ka ba. Sai da na haifi nawa, wata rana 'yata ta zo mini da tsoronta ina tsakiyar aiki, na ce mata, “Ba komai, je ki kwanta.” Tana fita na tuna Baba. Shi ma da ya ce mini haka, da ya huta, ga gajiya, ga sammako. Amma ya san irina ba ta barci da “ba komai”, sai ta gani da idonta.

Na ajiye abin da ke hannuna, na ɗauki fitila na bi ta.