Kofin Da Umma Take Kawo Min Kafin Barci

Tun kafin azumi ban rubuta komai a nan ba. Na ga saƙonninku, har na masu tambayar ko aure na sake yi. A'a, asibiti na yi.

Shekaru ke nan ina fama da ƙwarnafi. Ba irin wanda mutum zai sha ruwa ya wuce ba. Wuta ce take tasowa daga ƙirji har maƙogwaro. In na yi sujada, ruwa mai tsami ya cika min baki, har na koma sallah a zaune. Ni malamar makaranta ce, amma muryata ta dishe, 'yan kujerar baya suka daina ji na.

Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce olsa ce. Likitan farko bai ɗago kansa ba, ya ce olsa ce. A garin nan ko ƙafarki ce take ciwo, wani zai ce olsa ce.

Kowa kuma ya san dokar mai olsa: kada ciki ya zauna babu komai, kada a kwana da yunwa.

Tun da maigidana ya rasu na dawo gidanmu a Mandawari, wajen mahaifiyata. Umma ta riƙe wannan doka kamar farilla. Kullum bayan isha'i sai ta dama fura da nono ko kunun gyaɗa mai kauri, ta tsaya a kaina.

"Shanye tas ki kwanta. Duk karatunki ba ki san ciki ba."

Gwiwoyinta na ciwo, amma ba ta taɓa fashi ba.

Ranar da lomar tuwo ta tsaya min a ƙirji, ta ƙi gaba ta ƙi baya, aka tura ni gwajin da ake zura siririn tiyo mai kyamara ta baki. Na yi kakarin amai, hawaye na zuba, nas tana cewa, "Haƙuri Malama, saura kaɗan."

Babu olsa. Ko alamarta babu.

Bakin tumbina ne ya saki, wani ɓangarensa ma ya haura sama, ruwan ciki yana dawowa yana ƙona hanyar abinci. Na sha maganin da suka rubuta wata da watanni, bai tsayar ba. Aka fara maganar tiyata.

Umma ce ta raka ni ganin likitan tiyatar. Matashi ne, ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tambayi abin da nake ci da dare, na faɗa masa. Sai ya ajiye biro ya yi dariya.

"Ki cika ciki ki kwanta? Wa ya ba ki wannan shawarar? Ai wanda yake miki haka shi yake hura wutar."

Umma tana zaune a gefena da carbi a hannu.

Muka hau adaidaita sahu zuwa gida ni da ita, har muka wuce Ƙofar Kabuga. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ashe ni ce."

Na yi mata bayani iya bayani. Na ce raunin a jikina yake, ba ita ta sa shi ba. Ta ce, "To." Kun san irin wannan "to" ɗin.

Daga ranar ba ta sake ɗora tukunya ba.

Na sayar da 'yan kunne da sarƙata, ƙanina ya cika sauran. Aka yi aikin ta ƙananan huji a ciki: sun janyo tumbin ƙasa, suka naɗe samansa a bakin hanyar abinci kamar zariya. Na ji tsoro. Lokacin da suke tura ni ɗakin tiyata, abin da nake tunani kawai, in ban farka ba, da wannan maganar Umma za ta zauna har ta mutu.

Na farka.

Aka ce ruwa-ruwa kawai, kaɗan-kaɗan. Haɗiya da ƙyar, gyatsa ta gagara, ciki ya kumbura. Da aka sallame ni, matar ƙanina ta dama kunu ta kawo. Na ce ba zan sha ba sai na Umma.

"Hannuna ba alheri ba ne gare ki," in ji Umma.

"To mu zauna. Taurin kai a wajenki na gada."

Wuni guda muka yi a haka. Da la'asar na ji motsi a madafi. Ta kawo kunu tsararo kamar ruwa, ta ce, "Kira yaron nan, likitan naki, ki tambaye shi ko ya yarda."

Yanzu ina cin tuwo, ina sujada, muryata ta dawo. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa ƙanina da matarsa da nas-nas ɗin da suka jure masifata, har da likitan.

Wanda ƙwarnafi ya daɗe yana damunsa, ya nemi a duba cikin da gaske, kada ya yarda da olsar baki. A ci abincin dare da wuri, a ɗaga wajen kai in za a kwanta. In abinci ya fara tsayawa a ƙirji, kada a jira gobe.

Likitoci kuma, don Allah, kafin ku yi dariya ku dubi wanda yake zaune kusa da mara lafiya.

Ni na warke. Umma ce har yanzu take tsayawa a bakin ƙofata bayan sallar asuba ta ce, "Ki yafe min." Na yafe, na rantse, na yi kuka, na yi faɗa. Gobe ma za ta zo.

Ita za ku sa a addu'a.