Zuwera Mai Kitso da Allurar 'Yan Mata

A unguwar Dungu duk macen da ke son kitso mai kwana biyu, gindin mangwaron Zuwera take nufa. Shekara talatin ke nan tana wannan sana'a, hannunta da sauri, bakinta kuma ya fi hannun.

Abu ɗaya ne ba ta cika taɓawa a hira ba, rasuwar yayarta Basiratu. Ciwon ya daɗe yana cinta a ɓoye, da aka je asibiti aka ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma an makara.

Wata ranar Asabar, Lamisi, nas ɗin unguwar, ta zo kitso. Kanta na kan cinyar Zuwera ta ce za a fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin wannan ciwo.

Zuwera ta saki gashin. "Wannan ciwon yana da rigakafi?"

"Ƙwayar da ke jawo shi ce ke da shi, Mma. HPV sunanta, ta saduwa ake ɗauka, da yawa ba su ma san sun ɗauka ba. Shi ya sa ake yi wa yara 'yan shekara tara zuwa sha huɗu, tun kafin su gamu da ita."

Daga ranar duk wadda ta zauna kitso sai ta sha bayani, da Hausa ko Dagbanci, yaren garin. Wasu su saurara, wasu su yi gyangyaɗi.

Samiratu mai kayan miya ce ta tirje, ana tsakiyar yi mata kitso. "An ce haihuwa take hanawa. Ba zan ba da 'yata ba."

Zuwera ba ta san amsar ba, ba ta kuma iya ƙarya ba. Ta ajiye tsinken kitso, ta miƙa mata ɗankwali. "Ɗaura, ƙanwata. Mu je mu tambayo."

"Da rabin kai?"

"Da rabin kai."

Ta goya ta a babur har asibiti. Lamisi na ganin gashi a tsaye ta gefen ɗankwali ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zaunar da su. Ta ce allurar ba ta taɓa haihuwa, mahaifar ma take karewa, kuma 'yarta ta cikinta tana cikin waɗanda za a yi wa. Su manya kuma akwai gwajin da ya kamata su riƙa yi.

"To mu fara da mu," in ji Zuwera. A ranar aka gwada su duka biyu.

Da masu allura suka zo makarantar unguwa, Samiratu ce a gaban layi, riƙe da 'yarta Mariyatu da 'ya'yan maƙwabta uku. Zuwera na bakin ƙofa da kwanon duwatsun ado, duk yarinyar da ta fito tana shafa dantse sai ta saƙala mata ɗaya a jelar kitso. Kafin azahar kwanon ya ƙare, ta hau babur ta tafi kasuwa ƙaro wasu.