Farantin da Kawu Ya Goge

Kawu muke ce masa, har Farfesan da ya girme shi. Shekara talatin da ɗaya yana kula da ɗakin gwajin sinadarai na jami'armu. Da shara ya fara, sai wani tsohon ma'aikaci ya ja shi a jiki, ya koya masa wanke kwalabe da goge 'yan farantan ƙarfen da muke tura lantarki ta cikinsu. Yakan barbaɗa farin gari a ƙyalle, ya yi ta murza faranti har ya hango furfurarsa a ciki. Matarsa takan ce ko cokulan gidansu ba su tsira ba. Shida da rabi na safe yake buɗe ɗakin. Ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba, kuma saura wata bakwai ya yi ritaya.

Da na dawo daga karatu, na zo da wani aiki. Akwai sinadaran da ƙwayoyinsu ke fitowa iri biyu, kamar hannun dama da na hagu: komai nasu ɗaya, amma safar wannan ba ta shiga wancan. A magani, ɗaya kan warkar, ɗayan ya zama banza ko ma ya cutar. Mu na dama kaɗai muke so. Dabarar ita ce a shafa wa farantin wani siririn rufi, a bar shi ya kwana ya bushe, sannan a tsoma shi a ruwan sinadari a kunna lantarki. Rufin ne ke zaɓe.

Ɗalibarmu ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, ta yi wata huɗu kafin rufin ya zauna. Gwajinta na farko ya ba da na dama casa'in da biyu cikin ɗari. Ta maimaita sau uku, kowanne rabi da rabi. Farfesa ya fara zargin ƙirƙira ta yi, aka kafa kwamiti. In ya tabbata, korarta za a yi.

Ranar zaman kwamitin, wajen sha ɗaya, na tarar da ita a bakin teburinta, idanu jawur. Kawu na jera kwalabe.

“Auta, in kika cika ɗakin nan da hawaye wa zai goge? Ni dai bayana ya gaji.”

Ba ta yi dariya ba. Ya juyo gare ni.

“Dakta, wai dama da hagun nan da za su cinye mini 'ya, mene ne su?”

Na yi masa bayani, karo na farko tun zuwana. Da na kai kan rufin, sai ya ajiye kwalbar hannunsa.

“Ana ganinsa?”

“Da ƙyar. Kamar ka hura wa madubi iska.”

“Da yamma take shafawa?”

“E.”

“Gwajin farkon fa, yaushe ne?”

Auta ta faɗi ranar. Makon ne Kawu ya ɗauki hutu, da babbar 'yarsa ta haihu. Ya daɗe yana kallon ƙyallensa da ke rataye a ƙusa. Ni ma a nan na gane.

“Kawu, bari ni in faɗa musu. Ni ne ban sanar da kai ba.”

“Hannunka ne ya murza?”

Ya cire farar rigar aikinsa ya ninke, ya yi tsaye kaɗan, ya sake warwarewa ya saka.

Mutum biyar ne a ɗakin taron, Farfesa a tsakiya, littafin gwajin Auta buɗe a gabansa. Kawu ya ƙwanƙwasa, bai jira izini ba.

“Kawu, zama muke yi,” in ji Farfesa.

“Na sani, ranka ya daɗe. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Da safe nakan tarar da farantinta ya dusashe, sai in goge mata in mayar. Sau uku. Na ɗauka datti ne.”

Wata malama ta zare tabarau. “Wa ya sa ka?”

“Ba kowa, Malama. Wa ke sa ni?”

“Ka san abin da wannan zai jawo maka?” in ji Farfesa. “Ko tausayinta ne ya sa ka ɗauki laifin da ba naka ba?”

“In tausayi ne, gwaji zai tona ni. Ta shafa yau, ku kulle, ku riƙe makullin.”

Haka aka yi. Auta ta shafa a gaban kwamitin. Farfesa ya karɓi makullin ɗakin daga hannun Kawu ya jefa a aljihu.

Washegari na sami Kawu zaune a dakalin ƙofa tun da sassafe. Awa huɗu lantarki na aiki. Sannan aka zuba ɗigo a na'urar da ke rarrabe su. Takan zana tudu biyu a allo, na farko na dama, na biyu na hagu. In sun yi kai ɗaya, rabi da rabi ke nan. Tudun farko ya tashi, dogo. Layin ya sauko ya miƙe. Auta ta riƙe gefen tebur. Na biyun ya fara ɗagowa, ya ɗan tasa, ya kwanta.

“Casa'in,” in ji Farfesa. Ya rufe littafin ya miƙa mata.

Takardar gargaɗin Kawu ta fito bayan mako guda; ni ma na samu tawa. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta huɗu. Auta ta zo tana ba shi haƙuri.

“Ke tafi can,” ya ce. “Daga yau duk abin da ba a taɓawa, ki rubuta da manyan baƙaƙe ki manna. Kuma ki zo ki gaya mini dalili, ba bango ba ne ni.”