Ƙofar da Datti Ya Gina

Datti magini Bazazzagi ne, an haife shi a cikin birni, kusa da Ƙofar Kuyambana. Ubansa da kakansa duk magina ne, cikin waɗanda ake kira idan damina ta wuce su je su yi wa ƙofofin birni yaɓe. A jikin waɗannan ƙofofi ya koyi ɗora tubali da ɗaura azara. Dogo ne, siriri, mai yawan barkwanci, idan yana dariya sai ya riƙe hularsa kamar za ta gudu.

A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin ya bi masu neman aiki zuwa Kaduna, lokacin ana ta gina gidajen ma'aikata da bulo da siminti. Ya samu aiki, ya samu fili a Unguwar Kanawa, ya yi ɗakuna uku, ya ɗauko matarsa Hansai. Ita ma ba ta zauna haka nan ba, ta kafa kaskon ƙosai a bakin lungunsu. Maƙwabcinsa kuwa Shu'aibu ne, baduku, Bakano. To, ka san Bakano da Bazazzagi, tun daga gaisuwar safe ake fara tsiya.

Da abubuwa suka daidaita, Datti ya je Zariya ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Indo, don ta zauna wurinsa. Suka sauka daga jirgin ƙasa, suka zo har gida, aka shimfiɗa mata tabarma, Hansai ta kawo fura. Tsohuwa ta sha, ta ajiye ludayi, ta dubi ɗanta.

Ta ce, "Wai ta wace ƙofa muka shigo? Ko gyangyaɗi na yi?"

Datti ya ce, "Inna, ai garin nan ba shi da ƙofa. Ba ganuwa ma."

Ta ce, "To ashe ba mu iso ba, a zango muke."

Aka yi dariya, ana tsammanin wasa take yi. Ashe da gaske take. Wata ya wuce, Inna Indo ba ta kwance ƙunshin kayanta ba. Idan za ta canza zane sai ta zaro ɗaya ta sake ƙullewa. Tana cin abinci, tana wasa da jikoki, amma duk wanda ya zo gaishe ta ya ce yaya baƙunta, sai ta ce, "Muna nan kan hanya."

Abin ya dami Datti. Wata ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci ya je wurin mai unguwa ya ce yana neman izini ya gina ƙofa a bakin lungunsu. Mai unguwa ya tambaye shi ina ganuwar da za a jingina ta. Datti ya ce babu, ƙofar kawai. Mai unguwa ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ya je ya yi, muddin jaki da mangala zai iya wucewa.

Da labari ya kai kunnen Shu'aibu, sai ya ajiye fatar da yake yanka ya fito.

Ya ce, "Kai bawana, idan ƙofa za ka yi a Unguwar Kanawa, to irin ta Kano za ka yi. Kada ka zo ka gina mana akurkin kaji irin naku."

Datti ya ce, "Ai taku ba don mutane aka yi ta ba, don kayan koli ne. Zo ka taka mini ƙasa, ka ga yadda iyayen gidanka suke gini."

Shu'aibu kuwa ya naɗe wando ya shiga kwaɓi, yana takawa yana zagin Zage-zagi. Da mutane suka ga haka, sai kowa ya kawo abin da yake da shi. Wani mai jakai ya riƙa kawo jar ƙasa daga wajen Kawo. Wani direban babbar mota, Muhammadu, ya sauke musu azara daga Katabu. Mata suna aiko da ruwa da kunu. Datti yakan tashi daga aikin gwamnati da la'asar ya zo ya hau nasa, har magariba.

Aikin bai tafi sumul ba. Ƙafafun ƙofar biyu sun tashi lafiya, amma da aka zo haɗa baka, wato lanƙwasar da ke sama, Datti ya yi gaggawa, bai bar ƙasar ta bushe ba. Suna tsaye suna yaba ta, sai gefe guda ya zube, ya rufe Shu'aibu da laka tun daga hula har gemu. Babu wanda ya ji ciwo. Inna Indo, wadda take leƙe daga zaure, ta ce, "Ubanka yakan bar kowace azara ta kwana biyu kafin ya ɗora mata 'yar'uwarta. Siminti ya koya maka garaje." Datti ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Inna." Ya sake ɗaurawa a hankali, wannan karon ta zauna daram. Ya yi mata zankwaye a sama, ya shafe ta da makuba har tana sheƙi.

Ranar da aka gama, unguwa ta taru. Datti ya kama hannun mahaifiyarsa, suka zagaya ta bayan gidaje suka fito bakin titi, sannan suka fuskanci ƙofar. Tsohuwa ta tsaya, ta ɗaga kai ta daɗe tana dubawa, ta shafa bangon da tafin hannunta. Ta yi bisimilla ta sa ƙafar dama. Mata suka rangaɗa guɗa. Awaki kuwa suka bi ta gefe abinsu, don babu abin da ya tare su.

Da ta shiga gida ta kira Hansai ta ce, "'Yar nan, kwance mini kayan nan, ki samo mini wurin da zan jera ƙoraina." A gidan ta yi sauran shekarunta.

Saura suna. Shu'aibu ya dage sai an ce Ƙofar Kanawa, Datti ya ce ko kusa, ai Ƙofar Zazzau ce. Suna cikin wannan gardama, Hansai ta ga inuwa ta samu, ta matsa da kaskonta gindin ƙofar. Kafin damina ta kama, duk wanda za a aika sayen ƙosai sai a ce masa ya je Ƙofar Hansai. Masu kekuna suka ɗauka, 'yan kamasho a tashar Kawo suka ɗauka, magana ta ƙare.

Ƙofar ta jawo wa Datti aiki. Manyan ma'aikata da suka yi kewar garuruwansu suka riƙa kiransa ya yi musu zaure mai baka, har ya bar aikin siminti gaba ɗaya. Amma kowace shekara idan ruwa ya ɗauke, yakan ajiye komai ya hau ƙofarsa ya yi mata yaɓe.

Wata rana yana can sama, laka har gwiwar hannu, sai ga wani baƙo da jaka ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da aiki, malam. Don Allah ina ne Ƙofar Hansai?"

Datti ya ce, "Ga ta nan ina kanta. Ni lebura ne, ga mai ƙofar can tana juya ƙosai."

Hansai ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, idan ka gama can, gefen nan ma ya tsage."