Ɗinyar Bakin Gonarmu

Jiya na wuce ta wani lungu a Batsari, ƙamshin maɗin ɗinya ya buge ni, na tsaya kamar wanda aka kira. Ni ba mai yawan tuna baya ba ne, gwiwa da cefane sun ishe ni. Amma wannan ƙamshin na kakata ne, uwar babanmu.

A ƙauyenmu, wajen Tsaskiya, akwai ƙatuwar ɗinya a bakin gonarmu. Da kaka muke tsintar 'ya'yanta, mu ci har haƙora su yi baƙi ƙirin. Saura tsohuwa ta shanya ta adana. Da bazara kuwa, sabon ganyen ake dafawa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, shi ne ɗinkin.

Wata bazara baba ya ce inuwarta na kashe mashi gero, ya ba wani masassaƙi ita ya yi akusa da kujeru. Mu yara ne muka yi ta kumbure-kumbure.

Ranar da mutumin ya zo da gatarinsa, ya iske ta ta shimfiɗa tabarma a gindin itacen. Suka gaisa, ta tambayi iyali da shanu, ta ce rana ta yi, ba a aiki da yunwa. Ta tura mashi kwanon kwaɗo da ƙoƙon maɗi. Ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya ce bai taɓa cin irin wannan ba.

Ta ce, "To ɗan nan, ita ta ciyar da kai. Tashi ka sare ta."

Ya dubi kwano, ya ɗaga kai ya dubi itace. Sai ya saɓa gatarinsa, ya ce wa baba ya nemi wani, shi kam ba ya iyawa. Baba ya ce, "Inna, kin cuce ni," yana dariya yana jawo sauran maɗin.

Yanzu hawan jini ya kama ni. A asibiti wata ma'aikaciya ta ce in rage gishiri, in riƙa shan magani, in yawaita ganye da 'ya'yan itace masu duhun launi, irin su zoɓo da ɗinya. Ta ce akwai wani sinadari cikinsu mai taimakon jijiyoyin jini, falabo wani abu, sunan ya ƙi zama a bakina. 'Ya'yana ko kallon ɗinya ba su yi, sai lemun kwalba.

Gonar ta dawo hannuna, itatuwan maƙwabta duk sun tafi cikin buhun gawayi. Bara masu gawayi suka zo mani da farashi mai kyau a kan ɗinyar, ga aljihu ba komai. Ni ban iya dabarar tsohuwa ba. Cewa kawai na yi su yi gaba, ba ta sayarwa ce ba.